Inda Tubali Yake Tsayawa

Jiya na bi ta bayan kasuwar Birnin Kudu, wani yana gyaran katangarsa, ƙanshin kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya dake ni. Sai da na tsaya. Ni ɗan magini ne daga wani ƙauye wajen Kiyako. Boko ban yi nisa ba, kada ka sa rai da dogon bayani.

A zamaninmu ba a hawa da tubali. Magini yana zaune bisa katanga kamar ya hau jaki, wani yana ƙasa yana jefa masa ɗaya bayan ɗaya. Kawuna ne mai jefa wa Baba. Wata shekara ya tafi ci-rani ya ƙi dawowa, ga zauren gidanmu saura kamu biyu a ɗora azara, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwa ya same shi a buɗe, aikin rani guda ya narke. Baba ya dube ni daga sama ya ce, "Ɗauko."

Na ɗauko, na auna shi kamar mai jifan mangwaro, na saki da ƙarfina duka. A ƙirji ya same shi. Ya yi baya, ƙafafunsa kaɗai suka riƙe katangar. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Kashe ni za ka yi? Gobe ka koma wa awakinka, ɗan maƙwabci zai jefa."

Kakana, wanda ciwon gwiwa ya raba da gini, yana gindin darbejiya yana ta dariya. Da la'asar ya miƙo mini goruba.

"Jefa sama, sarkin ƙarfi. Ka zuba mata ido."

Na jefa.

"Me ka gani?"

"Ta tafi, ta dawo."

"Makaho. Sake."

Na yi ta jefawa har na gani. Tana tashi da gudu, gudun yana raguwa, can ƙoli sai ta yi cak kamar mai tunani, sannan ta juyo.

"To nan ne hannun ubanka," in ji shi. "Tun da abu ya bar hannunka ƙasa take jan kayanta. Kai dai ba shi ƙarfin da zai ƙare daidai tafinsa. Kuma gefensa ake aunawa, ba ƙirjinsa ba."

Har magariba ina jefa ɓaraguzan tubali daidai wani reshe. Washegari na riga ɗan maƙwabci zuwa. Ban nemi izini ba. Na durƙusa, hannu biyu, na ɗago daga gwiwa. Tubalin ya tashi a hankali ya tsaya gefen Baba, ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauke kamar daga kan faifai. Ya dube ni. Ya ce, "Wani."

Katanga tana tashi, ina ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan. Kwana huɗu muka rufe. Da ruwan farko ya sauko, cikin zauren muka tsaya har da maƙwabcin, ko ɗigo babu. Baba ya ce masa, "Ka bar yaronka ya huta. Ina da mai jefawa."

Yau bulo ake yi. Lebura ya ɗora a ka, ya bi tsani yana nishi, ni ma haka bayana ya lalace. Babu mai jefa komai, sai surutu. Kwanan baya muna aikin bene a Gwaram, wani matashin magini ya mance cokalinsa na gini a ƙasa, ya fara neman tsani.

Na ce, "Zauna inda kake, buɗe hannunka."