Siris Ne Ko Faralel, Atse Tasing?

Shekara talatin da ɗaya Anastacia Lansangan ta yi tana haɗa wayoyin babbar fitilar unguwarsu, amma a takarda sunan yayanta Berting ne a gurbin mai haɗi. A nan San Fernando kowace unguwa mai ji da kanta tana ƙera fitilar Kirsimeti da ta fi ɗaki tsayi, mai ƙwayayen lantarki dubbai, a fita da ita gasa a watan Disamba. Berting yana da baki, ya iya tsayawa gaban manya ya yi bayani har a tafa masa. Hannu kuwa na ƙanwarsa ne, kuma duk unguwar an sani, sai dai ba a faɗa. Atse Tasing muke ce mata, wato Yaya Tasing, har waɗanda suka girme ta.

A aji shida ta bar makaranta, aka zaunar da ita cikin mata masu liƙa takarda mai launi a jikin fitila, don a lokacin waya aikin maza ce. Abin da ya jawo ta wajen wayar kuwa gashin kanta ne. Babansu kan miƙo hannu ya zare fil ɗin gashinta ba ko sannu, ita kuma ta bi shi tana mita don ta ga inda ake kai mata kaya. A can bayan rumfar da ake ƙera fitilar ta ga gangar ƙarfe da aka jona da wuta, an lulluɓe ta da salatif, an yanke wasu wurare ƙarfen ya fito. Fil-fil suna jere a kan katako suna gogar gangar, kowane da wayarsa zuwa rukunin ƙwayayensa. Idan aka juya gangar fil ya hau ƙarfe, wuta ta samu hanya, rukunin ya kama. Idan ya hau salatif, hanya ta yanke. Tana da shekara goma sha huɗu ta fara yanka salatif da reza a ɓoye, kafin ta kai ashirin da bakwai babu mai taɓa gangar sai ita.

Tasing ba ta da tsayi, kuma ba ta da haƙuri da shirme. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya tafi aikin jirgin ruwa ya dawo da ciwon baya da labarai, duk wannan bai hana ta rumfa ba daga watan Yuli zuwa Disamba. Wutar lantarki ta ja ta sau biyu, ta ce duka biyun laifinta ne. Idan rukuni ya ƙi kamawa ba ta yin tsaki, sai ta ce, “Wuta ba ta ɓata, hanyar komawa gida ta rasa,” ta bi wayar da yatsa har ta kamo inda ta tsinke.

Bara cikin damina Berting ya rasu. Aka yi makoki aka gama, sai maganar da kowa ke gudu ta taso: sunan wa za a sa a gurbin mai haɗi? Shugaban unguwa, Kapitan Yambao, yana da wani ɗan ƙanwarsa mai takardar shaidar aikin lantarki, kuma ya fara zagaye-zagaye da sunansa. Tasing ta ce ba ta san zancen ba. Tana son gurbin nan, so na gaske, don ta gaji da jin ana yaba aikinta da sunan wani.

Ana saura kwana goma sha biyu gasa, aka turo jami'in da ke duba wayoyi kafin a bar fitila ta shiga taron jama'a. Sabo ne, Injiniya Manansala, daga wani lardi aka kawo shi. Ya zo da hantsi da allon takardarsa, ya zagaya fitilar, ya leƙa bayanta, sannan ya dubi Tasing.

“Atse, ƙwayayen nan, siris ne ko faralel?”

“Siris mana,” in ji ta, ko tunani ba ta yi ba. “Siris dubu bakwai da ɗari biyu.”

To, a garin nan duk ƙananan ƙwayayen ado na Kirsimeti siris muke ce musu. Ka je kasuwa ka ce a ba ka siris, a miƙo maka, babu mai tambayarka yadda aka jona su. Ita sunan kaya ta faɗa. Shi kuwa yadda aka haɗa kayan yake tambaya.

Injiniya ya sauke biro. “Ƙwai dubu bakwai a siris? Atse, ki yi haƙuri. In da gaske haka ne, ko ƙyalli ba za su yi ba. In kuma ba haka ba ne, to ba ki san abin da kike taɓawa ba. Ba zan sa hannu wuta mai yawan nan ta shiga cikin mutane a hannun wanda bai san wannan ba. Zan dawo ranar Litinin, a samo mai takarda.”

Kapitan ya yi gyaran murya irin ta wanda abin ya zo masa daidai. Tasing ta tsaya da reza a hannu. Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji a rumfar nan ba, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san ma ina kuskuren yake ba.

Washegari da safe ta sa rigar zuwa coci ta hau mota zuwa sakandaren gwamnati, inda 'yar maƙwabciyarta Marivic take koyar da kimiyyar fiziks. Ta tare ta a bakin aji.

“Ke 'yar nan, mene ne faralel?”

Malama Marivic ta yi dariya. “Atse, ina kwana ma babu? Kin zo a daidai, darasin da muke kai ke nan. Shigo ki zauna.”

Haka matar da ta kusa sittin ta zauna a bencin baya tsakanin ɗalibai, jaka a cinya, fuska a ɗaure don kada wani ya kawo mata raini. Malama ta ɗora batir da ƙwayaye uku a tebur. Ta ce wutar lantarki tafiya ce, kuma ba ta tafiya sai hanya ta zagayo ta koma inda ta fito. Ta jona ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya a waya guda, suka kama dishi-dishi.

“Wannan shi ne siris. Hanya ɗaya ce, su uku suna rabon ƙarfin batir. Ku duba.” Ta kwance ƙwai ɗaya, duka suka mutu.

Sannan ta sake haɗi, kowane ƙwai da reshensa da ya fito daga batir ya koma batir. Suka kama tar. Ta kwance ɗaya, biyun suka ci gaba da haskensu.

“Wannan kuma faralel.”

Sai aka ji murya daga baya. “Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Atse.”

“Wannan ne faralel ɗin da aka wulaƙanta ni a kansa? Kowa da layinsa? Yo tun kafin uwarki ta yaye ki nake wannan!” Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ta riga ta miƙe ta nufi tebur. “Kuma kin bar musu rabin magana. In kika yi ta ƙara rassa, wutar da ke bin babbar wayar ƙaruwa take yi, wayar ta yi zafi. Ki faɗa musu, kada su je su ƙona gidan iyayensu.”

“Shafi na gaba ke nan, Atse.”

“To shafin ya makara.”

Ba ta bar makarantar ba sai da Malama ta nuna mata yadda ake zana abin a takarda: alamar ƙwai, alamar makunni, alamar fiyus. Kwana uku tana zane a bayan kalanda tana gogewa, tana zagin fensir.

Ranar Litinin Injiniya ya dawo, Kapitan na biye da shi, ɗan ƙanwar yana can bakin rumfa da takardar shaidarsa a cikin leda. Tasing ba ta jira tambaya ba. Ta shimfiɗa kalandar a kan benci.

“Ranka ya daɗe, ran nan ka yi tambaya da yaren makaranta, na ba ka amsa da yaren kasuwa. Yau ga amsarka. Faralel ne, kowane ƙwai da layinsa. Rukuni ɗari da ashirin, kowane rukuni da fil ɗinsa da fiyus ɗinsa. Gangar nan makunni ce, ba wani abu ba.”

Ta sa aka ba da wuta, ta kama sitiyarin gangar ta juya. Jan haske ya buɗe daga tsakiya, kore ya bi shi, duk da hasken rana sai da mutane suka ja baya. Ta tsayar a kan rukuni ɗaya.

“Zaɓi ƙwan da ka ga dama ka kwance.”

Ya sa hankici ya kwance ɗaya. Sauran ko gezau. Ya duba kaurin babbar wayar, ya tambaye ta nawa kowane rukuni yake ja, ta faɗa masa da ka, ya lissafa a takarda ya ga haka ne. Ya daɗe yana kallon zanen kalandar.

“Atse, na yi miki gaggawa. Sunan wa zan sa a mai haɗi?”

Kapitan ya yi caraf. “Sa Iyalan Lansangan kawai, don tunawa da marigayi, sai yaron nan ya sa hannu a madadin...”

“Kapitan, bar Yaya Berting ya huta,” in ji Tasing, ba ta sauke ido ba. “Ranar gasa in waya ta ƙona ɗan wani, ba marigayi za ku je ku kamo ba, kuma ba yaron nan ba. Ni za ku kama, don ni na haɗa. To a rubuta wadda za a kama.”

Injiniya ya rubuta sunanta, ya juyo mata da allon. Ta matso da shi kusa da ido, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsan da salatif ya cinye wa fata. Hawaye ya cika mata ido, ba ta ɓoye ba.

“Gyara nan,” ta ce. “Anastacia da C ake rubutawa.”