Zaman Baba Tela a Gidan Wansa

"Wallahi Baba, sai ka sha maganin nan!"

"Na ce ba na sha. Cikina ne ko naki?"

"Cikinka ne. Rufin da ke kanmu fa, na wa ne?"

Bangon da ya raba ɗakin da nake haya da na Baba Tela da 'yarsa siriri ne, har motsin cokali a kofi nakan ji. Can 'yar ta ce, "Ba haka nake nufi ba." Tsohon ya ce, "Na sani," da muryar wanda bai tabbata ba.

Tun yana saurayi Baba Tela yake ɗinki a shagon ƙofar gidan nan, tef ɗin awo rataye a wuya, allura maƙale a leɓe. Bai taɓa mallakar abin da ya wuce kekensa da almakashi ba. Gidan na wansa ne. Da wan ya ji ciwo ya ci ƙarfinsa, sai ya kira lauya da shaidu ya ce ɗaki ɗaya da shagon na ƙanensa ne muddin yana raye, ranar da ya cika kuma su koma hannun masu gida. Unguwa ta yi ta sa masa albarka. Amma mutumin ya san abin da ya ƙulla: ya tafi da sunan mai zumunci, ko taku ɗaya na ƙasa bai fita daga hannun 'ya'yansa ba.

'Ya'yan ba su daɗe ba suka sayar wa wani mai siminti da gidan, da araha, tunda kowa ya san da tsoho a ciki aka sayar. Niyyarsa ya rushe gaban gidan ya jera shaguna. Mutum ne mai ladabi. Kullum da safe sai ya tsayar da mota ya leƙo.

"Baba, ya ƙarfin jiki?" Bakinsa na gaisuwa, idonsa na kan kumburarrun ƙafafun da ke taka keken.

"Ka yi haƙuri, ɗana, yau ma na tashi."

Su yi dariya tare, kowa ya san abin da yake wa dariya.

Ana haka mijin 'yar Baba ya rasu, ta dawo da yara biyu da akwati. Ranar nan Baba ya sa sabuwar riga, na raka shi wurin lauyan. Ya zauna a bakin kujera ya ce yana so ya mayar da ɗakin sunanta.

"Kana iya ba ta, Baba," in ji lauyan. "Kana iya sa haya, ko ka sayar ma. Sai dai abin da kake da shi kaɗai za ka bayar. Duk wanda ya karɓa, zamansa zai ƙare ranar da naka ya ƙare."

"Ni na yi wa ɗakin daɓe. Ni na sauya kwanon."

"Allah ya saka. Ba ya ƙara ko kwana ɗaya."

Daga ranar da 'yar ta ji abin da lauyan ya ce, ta hana shi sukari, ta hana shi gishiri, ta ɓoye mabuɗin shagon idan rana ta take. In ya yi tari sai ta saki tukunya ta rugo. Tana sonsa, wannan ba shakka. Tana kuma tsoron titi da yara biyu. Ita kanta ba ta iya raba biyun, shi kuwa ya kasa daina gwada raba su. Yakan ƙi maganin ne don ya ga da wace fuska za ta roƙe shi.

A makon da numfashinsa ya fara sarƙewa, likita ya ce a kawo shi a kwantar. Ta fita neman mota, na kama shi muka taka a hankali. A bakin ƙofa ya dafa bango, ya dubi keken da ta lulluɓe da zane, ya jawo ni kusa.

"Maƙwabci, ka fara tambaya mata ɗaki. Mai arha, kusa da makarantar yaran. Kada ka ce ni na sa ka."