Satibaldi, Mai Korar Masunta Daga Bakin Wuta

Ni Jumakadir, ni na fara ganin abin nan kafin kowa a bakin tafkin Isik-Kul. Ban taɓa zama a aji ba, amma tun ina saurayi ina jan koma na ga ruwa ya tsage biyu, wani farin layi ya wuce kamar an ja wuƙa a kitse. Daga baya masu karatu suka ce makami ne da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku ke harbawa, mai wutar roka a gindi, yana hura kumfa ta hanci ya shige cikinta, ruwa bai ko taɓa jikinsa. Ba ya gani, ba ya ji, ba ya kwana. A tafkinmu ake gwada shi.

Amma yau ba kaina zan yaba ba, ko da yake na cancanta. Satibaldi ne ya ajiye aiki, direban ƙaramin jirgin gidan gwaji. Duk ranar da za a yi harbi, da sassafe zai kafa jar tuta, ya bi ruwa lungu-lungu yana mayar da masunta tudu. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ya san mai kurman kunne, ya san wanda ke yin kurma da gangan. Tun da ya kama aikin nan ba mu binne masunci ko ɗaya saboda makamin ba.

Wata rana, gemuna ya riga ya yi fari, komata ta cika da kifi har tana nishi, sai ga shi. Ya gaishe ni, ya ce lokaci ya ƙure, ina kan hanyar abin. Na ce masa na girmi makamin, na girme shi, kuma a ƙasar Kirgiz ƙarami ba ya tayar da babba. Ya ce gaskiya ne. Sai ya kashe injinsa, ya ɗaure jirginsa a jikin nawa, ya zauna yana kallon duwatsu kamar wanda ya zo hira.

Can ya ce, "Baba, ni ba korarka na zo yi ba. Matata Burulkan ta shimfiɗa tabarmar abinci, kan rago ya dahu. In ba ka da sukuni, sai a miƙa wa Mambetali."

Mambetali! Mutumin da na girma da damina guda, wanda ba shi da haƙorin cin ko da ƙwaƙwalwa. Kowa ya san kan rago na babban dattijon wuri ne, kuma wanda aka miƙa wa sau ɗaya, shi ke nan ya zama babba. Na ce, "Tayar da injinka, ɗan nema, kafin tsohon kwaɗayin nan ya wanke hannu."

Ƙafata ba ta gama taka yashi ba muka ji ruri. Farin layin ya bi ta daidai inda muka tashi. Komata kuwa da muka bari a ruwa, abin da aka tsinto bai isa ɗaure akuya ba.

Muka isa gidansa, babu tabarma, babu hayaƙi. Burulkan na wanki, ta dube mu baki buɗe. Satibaldi ya shiga garke ya jawo ragonsa tilo, wanda yake kiwo domin bikin 'yarsa, ya ce in yi addu'a. Burulkan ta ce da ta san haka ake ceton tsofaffi, da ta auri makiyayi. Muka yi dariya har hawaye, na ci kan ragon, Mambetali ya samu haƙarƙari.

Kai ne, Satibaldi, ka ɗaure ranka a jikin nawa ba tare da ka zubar mini da girma ba. Kai ne ka gwammace ka rasa rago da a ce ka yi wa dattijo ƙarya. Garkuwar masunta, na gode, jikokina sun gode. Ku samarin da za ku gaji jirginsa, ku koya: jar tuta ba ta motsa mai taurin kai, sai ka san abin da ba zai iya bari ba.

Ranar Asabar za mu yi masa walima, ragon daga garkena zai fito. Duk wanda ke ganin na ƙara gishiri, ya zo ya faɗa a gabana. Wuƙa na hannuna, zan yanko masa kunnen ragon, don mu nan yaran da ba sa jin magana ake ba kunne.