Duk Shagunan Ghali a Ƙofar Masallaci

Ghali mutumin Malumfashi ne, kuma wanda duk ya taɓa gaisawa da shi ya san cewa ba ya gaisuwar tsaitsaye. Sai ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, kana shirin tafiya ya tuno bai tambayi jikin tsohuwarka ba. Gado ya yi. Mahaifinsa ɗan koli ne mai bin kasuwannin ƙauye da allura da madubi da kwalli, shi kuma ya tashi yana riƙe masa jaka. A wurin tsohon ya koyi cewa idan kana gaban babba, idonka da kunnenka da hannunka duk nasa ne, ba a wasa da komai ana yi maka magana.

Da ya zo Doha, gadi ya fara a wani dogon bene a Al Sadd. Tsayuwa daga safe har ƙafa ta kumbura, ga yunifom mai kauri, ga zafin da ko inuwa ba ta da tausayi. Amma bakin Ghali bai yi zaman banza ba. Kafin shekara ta zagayo ya iya gaisuwa da Larabci, da Indiyanci, da yaren mutanen Kerala, har da na Filifin, duk daga masu shiga da fita. Daga nan ya yi lasin, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya sake shi, ya koma tuƙa motar wani kamfani mai raba sabulu da omo da tishu a baƙala, wato ƙananan shagunan unguwa. Sunan aikin tuƙi, amma rabinsa dako ne. Kwalin omo ba ya sauke kansa, kuma bayan Ghali ya fara yi masa ƙorafi tun bai kai shekarun ciwon baya ba.

Rabo ya zo masa ne lokacin da selsman ɗin da yake ɗauka ya tafi hutu ƙasarsu. Mudir ɗinsu, wato manaja, wani Basudane mai suna Abdul-Rahman, ya ce Ghali ya riƙa karɓar oda kafin a samo wani. Sai ga oda ta ƙaru. Mudir ya ba shi unguwar Al Asmakh ya gwada, tsohuwar unguwa mai lunguna da tsofaffin shaguna, ya ce in ya riƙe ta da kyau za a tabbatar masa da muƙamin. Ranar Ghali ya kira matarsa Kausar ta bidiyo don kawai ta ga rigarsa mai kwala. Ya yi murna ƙwarai, ya kuma ji tsoro, domin ya san mukullin motar na nan rataye a ofis, ba a ba kowa shi dindindin ba.

Ana cikin haka kamfani ya sayo wata manhaja mai taswira. Aka sa wa kowane selsman a waya, aka ce duk shagon da ka shiga ka danna, ka rubuta sunansa da odarsa. Idan ɗigon shaguna ya taru a taswira, da shi za a raba wa kowa yankinsa. Yankin da shagunansa ba su kai a ajiye masa mutum guda ba, a haɗe shi da na maƙwabci, mai shi kuma ya koma inda ya fito. Wanda ya zo koya musu ya yi ta zuba Turanci da sauri kamar ana korar sa, Ghali yana gyaɗa kai. Akwai inda bai gane ba, amma ya ji kunyar ɗaga hannu a gaban mutane.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da wata ya ƙare, mudir ya tara su ya haska taswirar Doha a bango. Yankin Mohammed-Awal, wani ɗan Zangon Kumasi da ke maƙwabtaka da Ghali, ya fito da ɗigo birjik kamar an shanya gero. Da aka zo Al Asmakh sai ga ta fayau, ba komai sai ɗigo guda, ƙato, a tsakiya.

Mudir ya matso da hoton. Ya ƙara matsowa. Sunayen shaguna suka fito a jibge, wani kan wani, duk a ƙofar masallacin unguwar.

"Ya zol," in ji Abdul-Rahman, kamar yadda Sudanawa ke kiran mutum, yana duban Ghali ta saman tabarau, "masallacin ne ke sayen omo haka?"

Mohammed-Awal ya kifa kai a tebur yana dariya. "Chale, abokina, faɗa mana gaskiya, kai selsman ne ko ladan?"

Ghali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ya faru ba wani abin ɓoyo ba ne. Yawancin masu shagunan Al Asmakh dattawa ne, shi kuwa ba zai iya zaro waya yana latse-latse dattijo na yi masa magana ba. In ya fito kuma, mai shago yakan rako shi har bakin ƙofa, na kusa ya riga ya fara yi masa maraba, kuma danna waya a nan sai ya ga kamar mai kai rahoton mutane. Saboda haka yakan riƙe odar a ka, in an idar da Azahar ya zauna a dakalin masallaci ya shigar da su gaba ɗaya. Bai san wayar na rubuta inda ƙafarsa take a lokacin da ya danna ba.

Mudir bai yi faɗa ba. Ya ce shi ya san Ghali na aiki, oda ta nuna, amma masu kamfani taswira za su duba, kuma a taswira Al Asmakh shago ɗaya gare ta. "Ranar Alhamis zan ja iyaka. Abin da na gani a nan, da shi zan yi aiki. Khalas, magana ta ƙare."

Washegari Ghali ya fara da shagon da ya fi jin nauyi, na Ammi Saleh, wato baffa Saleh da Larabci, wani tsohon Bayamane mai baƙala a tsallaken babban titi, wanda ba ya barin sa ya fita sai ya sha shayi. Bayan an gama gaisuwa tsaf, Ghali ya yi ta murza hannu, sannan ya ce, "Ammi, ina neman izini. Kamfani na son in sa shagonka a taswira, kuma ba ya yiwuwa sai ina tsaye a cikinsa. Ka gafarce ni, zan fito da waya a gabanka."

Tsohon ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Ya laluba aljihu ya sa tabarau. "Mu gani."

Ghali ya danna, ɗigo ya faɗo. Ammi Saleh ya kusanto da fuska har numfashinsa na dusashe gilashin. Ya gane rufinsa, ya gane tankin ruwa, sannan ya ɓata rai. "Wannan ai kan shagon wanzami ka sa ni. Matsar da ni dama. Na riga shi zuwa unguwar nan."

Aka matsar da shi. Ai kuwa sai ya leƙa waje ya kira wanzamin ya zo ya ga, wanzami ya kira mai wanki. Abin da Ghali ya ɗauka rashin kunya ne, su a wurinsu girmamawa ce. A kowane shago haka ya yi, ya nemi izini, a ba shi, mai shago ya sa yatsa ya gyara wurinsa da kansa. Wani ma fushi ya yi don an sa maƙwabcinsa kafin shi.

Da ɗigon ya fara bazuwa, taswirar ita ma ta faɗa wa Ghali gaskiyar da ba wanda ya taɓa faɗa masa. Ya ga ashe kullum hanya ɗaya yake bi, mai bi ta inda ake ba shi shayi, yana kai da komo a titi guda kamar mai neman abin da ya yar. Ga lunguna nan a bayan masallacin da yake zama, fes, bai taɓa taka su ba. Ya ji haushin kansa. Ya shiga su ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, gumi na bin bayansa, ya tarar da shagunan da ba wanda ke kai musu kaya sai sun ɗauki tasi sun je sun sayo.

Ranar Alhamis aka sake haska bango. Al Asmakh ta cika, mudir ya ja iyaka ya shafa mata kore, ya rubuta sunan Ghali a kai. Ghali ya yi hamdala a zuci. Sai da ya ƙara dubawa ya ga iyakar ta bi babban titi ne, shagon Ammi Saleh ya faɗa ɓangaren Mohammed-Awal.

"Mudir, wannan ɗayan fa..."

"Na gan shi. Tsallaka titin nan don shago ɗaya yana cinye maka safiya, ga sabbin lungunanka na jira. Shi kuwa Awal kan hanyarsa yake."

Ghali ya so ya yi musu, amma taswirar na gabansa, kuma gaskiya ce. Abin ya yi masa zafi fiye da yadda ya zata.

Ranar Asabar da safe Ghali ya kama hannun Mohammed-Awal ya kai shi shagon Ammi Saleh. Ya ce, "Ammi, ga ɗan'uwana, daga yau shi zai riƙa kawo maka kaya. Amana na ba shi."

Tsohon ya ƙare wa baƙon kallo daga sama har ƙasa, ya zuba shayi kofi uku. Ya ce da Ghali, "Sabulu zan saya a wurinsa. Kai kuma in ka daina zuwa gaishe ni, zan kai ƙararka wurin liman."

Da suka gama, Ghali ya bar su suna lissafa abin da ya ƙare a kanta, ya fito bakin titi yana jiran danja ta ba shi hannu. Sai ga tsohuwar motarsa ta kamfani ta zo wucewa, cike da kwalaye, wani sabon direba a ciki ya danna masa hon. Ghali ya ɗaga masa hannu har ta sha kwana. Sannan ya gyara kwalar rigarsa, ya tsallaka ɓangarensa, ya yi sallama a shagon farko.