Gwaggo Mai Keke, Mai Tsufar da Sabuwar Riga

A da, kafin ta buɗe shago, Gwaggo Mai Keke takan zagaya baya ta duba igiyar shanya. Kayan makaranta ne a kai. Idan iska ta shige su sai su kumbura, su ɗaga hannuwa, kamar yara ne ke gudu kada a rufe musu ƙofa. Ta shafa wannan, ta ɗaga wancan ga rana, ta ce, "Kai da sauranka." Ta mayar da shi ruwa.

Tela ce. Ita ke ɗinka wa yaran da suka fito daga gidan horon yara kayan komawa makaranta, kuma ba ta taɓa miƙa wa yaro sabuwar riga ba. Sai ta ɗinka, ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa, har launi ya koɗe kamar na sauran 'yan aji. Duk wanda ya taɓa daɗewa a wani wuri ya dawo ya san dalili. Idon mutane ya fi hanya nisa.

Maƙwabta sun ga yadda ta yi da Auta, 'yar direban bayan layi. Da Auta ta fito daga gidan horon, ubanta ya sayo mata sababbin kaya don murna. Tsakiyar zangon karatu ne, rigar kowa ta sha rana, tata kaɗai ke ƙyalli. Tun daga bakin ƙofa aka fara: "Ga 'yar fursuna ta yi sabon ɗinki!" Ta juya gida, ta shige ɗaki, ta ce ita da makaranta har abada. Shugaban makaranta kuwa ya ce in zango ya ƙare ba ta zo ba, gurbinta ya tafi.

Gwaggo ta aika a kawo mata rigar. Bayan kwanaki ta aika a kawo mai rigar.

"Gwaggo, kin ɓata min riga!"

"Alhamdulillahi. Da ƙyar ta ɓaci. Yadin nan taurin kai gare shi, kamar mai shi."

"Wannan tabon fa?"

"Biro ne ya fashe miki a aljihu."

"Yaushe?"

"Bara mana. Har kin manta?"

Auta ta daɗe tana kallon tabon. Bara tana bayan katanga, tana leƙen sama ta tsakanin ƙarafan taga. Amma ga riga tana cewa a aji take, iska na kaɗa shafin littafi, ita kuma tana tauna murfin biro. Ta saka. Rigar ta zauna mata kamar ba su taɓa rabuwa ba.

Washegari Gwaggo ta raka ta har kwanar makaranta, ta ja ta tsaya. Auta ta bi ayarin 'yan mata, riga ta nutse cikin riguna. Gwaggo ta yi ta neman ta da ido, ba ta gane ta ba. Ta koma shago tana dariya ita kaɗai.

Riga ba ta goge abin da ya faru. 'Yan aji sun sani, an yi raɗa kwana biyu. Amma yatsa ya nemi abin nunawa ya rasa. Yanzu Auta tana ajin ƙarshe.

Ke ce allura, Gwaggo, mai ɗinke ɓaraka ba a ga zare ba. Ke ce kika san cewa wani yaron babu gatan da ya kai a wuce shi ba a waiwaya ba. Ga shi yanzu ido ya yi rauni, zare ya ƙi shiga, an lulluɓe keken ɗinki. Mun gode. Allah Ya rufa miki asiri yadda kika rufa wa 'ya'yan mutane.

Har gobe ana buɗe ƙofar gidan horon nan, yara na fitowa. Teloli sun cika gari. Igiya tana nan a bayan shago, babu komai a kanta, rana kuma ba ta fasa fitowa ba. Saura wani ya zo ya yi shanya.