Takalmin 'Yar Mai Koko

Har gobe, in na ji ƙanshin takarda mai ɗumi da ta fito daga injin fotokofi, Zongo nake komawa, zauren gidanmu, in ga Baba a kan tabarma da biro a bayan kunne. Kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da ke fara taso mini ba kewa ba ce. Kishi ne.

Baba ɗan kasuwa ne, atamfa yake sayarwa a kasuwar Sankaryare, amma da yake ya taɓa boko kuma Faransancinsa na fita, shi dattawan unguwa suka ɗora wa rubutun ƙungiyarsu, wadda ke sa marayu a lakwal, wato makarantar boko. Duk bayan 'yan watanni sai ya rubuta wasiƙar labarai, a buga ta a wani shago a unguwar Zogona, a aika wa masu taimako, wasu Turawa a Faransa da 'yan Zongo da suka yi nisa. Kafin a kai ta bugu yakan karanta wa dattawan, yana fassara musu da Hausa, ni kuwa ina bayan labule ina saurare.

A nan na gano Baba ya iya yabo. Ɗan wane haziƙi ne, 'yar wance tana da ladabi, kalmomi masu zaƙi suna ta zuba daga bakin mutumin da bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kun san kunyar da iyayenmu ke yi. "Ke" nake a wurinsa. In na zo na ɗaya a aji sai ya duba takardar ya ce, "To," ya miƙo mini. Yabonsa nake nema, ko sau ɗaya, a gaban mutane.

Wadda ta fi cin wannan yabo ita ce 'yar mai kokon bakin layinmu, marainiya, ajinmu ɗaya. Ba ta taɓa yi mini komai ba, wannan ma shi ya fi ba ni haushi.

Wata bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa kuma mangwaro ya cika kasuwa, dattawan suka zo da damuwa. Amsoshin masu taimako sun ja baya. Wasiƙun Baba, a gaskiya, irin namu ne: gaisuwa ta cinye shafin farko, godiya ta cinye na biyu, sai jerin yara duk haziƙai duk masu ladabi, ba ka bambance wannan da wancan. Bayan sun tashi ya zauna yana ta gogewa yana sakewa. Na kawo masa ruwa, na hango sunan 'yar mai kokon a saman takardar, zuciyata ta ƙi haƙuri.

Na ce, "Baba, wannan da ake ta yabo, ba ku san ta ba. Takalminta a kai take ɗauke shi, bisa littattafai. Haka take tafiya ba takalmi cikin wannan rana, sai a ƙofar lakwal ta goge ƙafa da tsumma ta saka. Kowa dariya yake yi mata."

Na jira ya ɓata rai. Sai ya ɗago ya dube ni, dubawar da bai saba ba.

"Don me take haka?"

"Wai kada ya cinye, ƙanwarta za ta gada."

Ya yage takardar da ke gabansa, ya ɗauki sabuwa. Amma kafin ya rubuta sai da ya taka har wurin mai koko ya nemi izininta, domin a cewarsa talaucin mutum ba atamfa ba ce da za a baje a kasuwa. Ta yarda. Wasiƙar da ta fita shafi ɗaya ce, gaisuwa layi biyu, sai yarinya guda da takalmi a kai. Da ya karanta wa dattawan, na ji limaminmu yana jan hanci. Maganata ce, kusan kalma da kalma, ba wanda ya tambayi inda ya samo ta, shi kuma bai faɗa ba.

Kafin damina ta ƙare amsoshi suka dawo, yaran ƙungiya duk suka sami takalma. Ita har da keke, shuɗi, mai ƙararrawa. Ni da na je ɓata ta, ni na ɗora ta a kan keke! Takan tsaya a ƙofarmu da safe ta kaɗa ƙararrawar ta ce in hau baya. Nakan hau, don lakwal da nisa, amma ban taɓa riƙe ƙugunta ba, ƙarfen kujera nake kamawa.

Yau zauren babu shi, unguwar ma an rushe ta, an watsa mu gefen gari. Ita ungozoma ce a asibiti. Ni kuwa, ku ji ikon Allah, aikina ke nan, rubuta wa wata ƙungiya wasiƙun masu taimako, sai dai yanzu ta waya suke tafiya, ba su da ƙanshi. Bara na karanta wa Baba ɗaya, idanunsa sun riga sun yi rauni. Ya saurara har ƙarshe.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Baba."

Ya juya fuska wajen bango ya ce, "Mai ita tana da ido. Tun tana ƙarama."

Ban gama haɗiye daɗin ba ya tambaye ni ko 'yar mai koko tana lafiya, kuma da sunanta ya kira ta.