Takardar Burtali

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a ofishinmu na Karaye kafin a kawo kwamfuta. Ni aka ɗora a kanta, don ni kaɗai ne yatsuna suka san hanya. Mutumin da ya zo daga Kano ya haɗa ta ya sa mata wata 'yar manhaja mai jera tagogi. In takardu suka hau kan juna a allo, maɓalli ɗaya za ka danna, duk su fito su jeru gefe da gefe. Ban kula ba. Shugaban sashenmu kuwa wannan maɓallin kaɗai ya koya, yana kuma ji da shi kamar shi ya ƙera injin.

Wata Laraba kawuna ya zo daga Gwangwan ta ƙasar Rogo, da takarda a aljihun riga. Makiyayi ne. Wani mai hali ya nome burtalin da shanunsu ke bi zuwa ruwa, su tara suka haɗu za su kai ƙara.

"Ɗana, buga mana ita da injin nan, sai a fi jin maganarmu," in ji shi. "Amma kada kowa ya ga sunayen sai ta isa inda za ta."

Da na karanta sai na gane ko wane ne mai halin. Gonar ta shugabanmu ce. Na so in ƙi, amma a gidan kawun nan na tashi, nonon shanun nan na sha.

Na yi dabarar da na saba da ita a tebur, wato ka tura takarda ƙarƙashin wata. Na buɗe ƙarar a taga ɗaya, na rufe ta da jadawalin rabon taki da na kwana uku ina bugawa. In na ji takun takalmi, sai in ja jadawalin sama. A tunanina abin da ke ƙasa ya ɓuya.

Ban ji shigowarsa ba sai ƙamshin turarensa.

"Malam, ina aka kwana a jadawalin?"

"An kusa, ranka ya daɗe."

Ya miƙo hannu ta saman kafaɗata ya danna maɓallinsa. Tagogin biyu suka jeru, taki a hagu, ƙara a dama. Tsoro ya kama ni. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Da yake tagar ta ƙanƙance, rabin takardar kawai ya fito, sunayen suna can ƙasa.

"Gangara in ga masu ita," ya ce, muryarsa a kwance.

Na san mutanen nan tara ɗaya bayan ɗaya. Na san kuma abin da zai iya yi musu kafin damina ta fita. Hannuna na kan tebur, na laluba da babban yatsan ƙafata na fizge wayar kwamfutar daga soket. Allon ya yi baƙi, ƙarar ta tafi, aikin ranar ma ya bi ta.

"An ɗauke wuta, ranka ya daɗe," na ce.

Ya ɗaga kai. Fanka tana ta juyawa a samanmu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni.

Ran Litinin aka mayar da ni ƙauyen Kurugu, ni da tsohuwar tafiretata. A kanta na sake buga ƙarar, da sunaye tara cif.